Jami'a, kwas ko kwamfuta: ta ina zan shiga sana'ar zane mai motsi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni yarinya ce 'yar shekara 19 daga Gusau, bara na gama sakandare. Tun ina ƙarama nake zane, kuma shekara biyu ke nan ina haɗa 'yan ƙananan katun a waya da manhajar FlipaClip. Burina in riƙa yi wa yara finafinan zane mai motsi da Hausa. Baba yana so in cike kimiyyar kwamfuta a JAMB, ya ce zane ba ya riƙe gida. Na ga tallar wata makarantar kuɗi a Abuja da ke koyar da 3D cikin wata shida, har sun ce suna sama wa ɗalibai aiki. Yayana kuma ya ce in ba ƙasar waje zan fita ba, ɓata lokaci ne kawai. Kawu ya yi mini alkawarin kuɗin da zai isa ko dai in biya kwas ɗin ko in sayi kwamfuta, ba duka biyun ba. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanwarmu. Ki karɓi kuɗin Kawu ki sayi kwamfuta da allon zane mai alƙalami, ki cike jami'a a JAMB, kwas ɗin Abuja kuma ki ajiye shi a gefe tukuna. Ga dalilanmu, domin ki iya kare wannan zaɓi a gaban Baba da Yaya.

A wannan sana'a, wanda zai ɗauke ki aiki bidiyon ayyukanki yake fara buɗewa kafin ya tambayi inda kika yi karatu, wani ma ba zai tambaya ba. Bidiyo ne gajere, minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wanda kika tara mafi kyawun motsin da hannunki ya yi. Saboda haka ma'aunin kowace makaranta guda ne: bayan an gama, wane irin bidiyo ɗalibi yake fita da shi? Shi kuwa wannan bidiyo abu biyu ke gina shi, yawan sa'o'in da kika zauna kina aiki, da samun wanda ya fi ki ido yana duba aikin yana nuna miki inda ya karkace. Kwas na wata shida ba tare da kwamfutar kanki ba yana ba ki na biyun, in an yi sa'ar malami, amma ya hana ki na farkon. Ranar da aka rufe aji kika koma Gusau, hannunki zai fara mantuwa cikin 'yan makonni.

Kafin maganar makaranta ma, akwai tambayar da ba ki yi ba kuma ita ce gaba: wane aiki kike so a cikin aikin? Fim ɗin zane mai motsi taron sana'o'i ne. Akwai mai rubuta labari, da mai zana labarin hoto-hoto a jere kafin a motsa komai, da mai tsara kamannin 'yan wasa da tufafinsu, da mai zana wuraren da labarin ke faruwa. A ɓangaren 3D, wato inda ake ƙera siffa mai kauri a kwamfuta maimakon a zana ta a shimfiɗe, akwai mai ƙera siffa, da mai dasa mata ƙasusuwa da gaɓoɓi domin ta lanƙwasu, da mai motsa ta, da mai saita haske, da mai haɗa komai a ƙarshe. Mai motsa siffa ɗan wasan kwaikwayo ne da ke wasa da jikin da ba nasa ba, aikinsa lura da yadda tsohuwa ke miƙewa daga tabarma da yadda yaro ke ɓoye abu a bayansa. Mai dasa ƙasusuwa kuwa ya fi kusa da injiniya. Mutum na iya ƙwarewa a zane ya kasa motsi, wani kuma bai iya zana fuska ba amma ya iya sa siffar 3D ta yi fushi har ki ji a jikinki.

Hanyar gane naki ita ce gwaji na wata uku, kuma za ki iya farawa da wayar da ke hannunki kafin kwamfutar ta iso. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa. A zanen hannu an saba barin kowane zane ya tsaya na hoto biyu, wato zane 12 a daƙiƙa, zane 720 a minti ɗaya. Ki riƙe wannan lissafi, domin shi ke raba mai sha'awar kallon katun da mai iya zaman yin sa.

Makonni biyun farko, ƙwallo kawai za ki motsa tana faɗowa tana tsalle. Ki yi ta roba, ki yi ta ƙarfe, ki yi balan-balan. Sirrin yana cikin tazarar da ke tsakanin zane da zane: a ƙololuwar tsalle zanukan suna matsuwa kusa da juna domin ƙwallon ta rage gudu, kusa da ƙasa kuma suna warwatsuwa. Kuskuren kusan kowane sabon shiga shi ne ya raba tazarar daidai wa daida, sai ƙwallon ta riƙa yawo kamar a cikin ruwa, ba nauyi. Daga nan ki ɗaura wa ƙwallon jela, ki koyi yadda jela ke biyo baya tana makara da hoto biyu ko uku. Sai buhun gari wanda ba ido ba baki, ki sa shi ya nuna murna, ya nuna tsoro. A wata na biyu ki shiga tafiya. Tafiyar mutum ta yau da kullum taku ɗaya ne a hoto 12, taku biyu a daƙiƙa, kuma kowane taku yana da matsayi huɗu: lokacin da dunduniya ta taɓa ƙasa, lokacin da jiki ya sauka da nauyi, lokacin da ƙafa ɗaya ke wuce ɗaya, da lokacin da jiki ya ɗaga sama. In kika manta saukar jiki da ɗagawarsa, mutumin zai zama kamar ana jan sa a kan taya. In tafin ƙafar da ke ƙasa yana zamewa, to ba ki auna nisan taku daidai da gudun da ƙasa ke wucewa ba. Wata na uku, ki sa wani ya ɗaga bokiti cike da ruwa, ki ɗauki bidiyon ƙanenki yana yi ki duba inda ƙugunsa yake kafin bokitin ya bar ƙasa. Sai ki rufe da magana ta daƙiƙa biyar zuwa goma.

A nan akwai abin da darussan waje ba za su gaya miki ba. Jadawalin siffofin baki da ake samu a intanet an yi su ne don Turanci, inda harafin f ke fita da haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Bahaushe da leɓɓa biyu yake furta f. In kika bi jadawalinsu, ɗan wasanki zai ce "fura" da bakin Bature, mai kallo ya ji wani abu bai zauna ba ko da bai san mene ne ba. Ki ajiye madubi kusa da ke. Ki tabbata baki ya rufe ruf a kan b da ɓ da m, aƙalla na hoto biyu, kuma ki bambanta dogon wasali da gajere, domin buɗewar baki a "gaba" na ƙirji ba ɗaya take da ta "gaba" na ƙiyayya ba.

In kika kai ƙarshen wata ukun nan kina ɗokin sake gyara tafiyar da kika yi sau bakwai, motsi ne naki. In zanen fuskoki da kaya da gidaje ne ya fi ja miki rai, ki nufi tsara kamanni da zana labari. In kuwa kin tsinci kanki kina tambayar yadda manhajar ke lissafin lanƙwasar gwiwa, to ki saurari Baba da kyau.

Zaɓin Baba ba kishiyar burinki ba ne. Blender da Maya, manyan manhajojin 3D, dukansu ana iya sarrafa su da Python, wani harshen rubuta umarnin kwamfuta, kuma kowane kamfanin zane mai motsi yana buƙatar wanda zai dasa ƙasusuwa, ya rubuta ƙananan kayan aiki, ya warware matsala in fayil ya ƙi buɗewa ana saura kwana biyu a miƙa aiki. Masu wannan hannun sun fi masu zane ƙaranci. Wadda ta haɗa digirin kwamfuta da idon mai zane tana da ƙofa biyu, har da ta masu ƙera wasannin bidiyo. Illarsa ita ce babu wanda zai koya miki zane a can, kuma karatun yana cin lokaci, sai kin yanka wa kanki sa'o'i goma zuwa sha biyar a mako kin tsare su kamar lacca.

Ɗaya hanyar ita ce karatun zane kansa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen Fine Arts da na Industrial Design, kamar yadda sunayensu suke a takardar JAMB, kuma makarantar zanen Zariya tsohuwa ce mai suna tun shekarun 1950. A Industrial Design akwai reshen zanen talla da bugu, wanda ya fi kusa da abin da kike so. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi ma tana da Industrial Design. A Jos akwai Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa, ƙarƙashin Hukumar Finafinai ta Najeriya, ga wanda ya fi karkata ga labari da kyamara da tace hoto. A Legas akwai kwalejin fasaha ta Yaba, inda ake yin ND shekara biyu, a fita aikin koyo shekara ɗaya, a dawo HND shekara biyu. Abin da za ki samu a irin waɗannan wurare shi ne tushe: zanen abin da ido ke gani, tsarin jikin mutum, nisa da kusa, launi, haske da inuwa, da malamin da zai sa ki sake zane sau goma. Kada ki shiga da zaton za a zaunar da ke a koya miki motsa 'yan wasa daga farko har ƙarshe. Wannan ɓangaren ke za ki ɗora da kanki. Ki duba darussan da kowane sashe ke nema a kundin JAMB na bana tun kafin ki cike, kuma ki tabbatar Hukumar NUC ta amince da kwas ɗin in jami'a ce, ko NBTE in kwalejin fasaha ce.

A ganinmu, tunda kin ce labarin yara da Hausa kike son yi kuma hannunki ya riga ya saba da zane, Industrial Design ko Fine Arts a Zariya ya fi dacewa da ke, ga shi kusa da gida. Amma in Baba ya tsaya a kan kwamfuta, ki karɓa da hannu biyu, ba ki yi asara ba. Kowanne kika shiga, zaman ki ɗaliba yana ba ki damar neman lasisin Maya na ɗalibai kyauta daga kamfanin Autodesk, ana sabunta shi shekara-shekara, sannan lokacin aikin koyo na SIWES ki nemi kamfanin zane mai motsi ko na talla a Abuja ko Legas, maimakon ofishin da za a ajiye ki kina buga takardu.

Game da makarantar Abuja, ba mu ce duk kwas ɗin kuɗi banza ne ba. Akwai masu amfani, musamman ga wanda ya riga ya yi shekara yana aiki shi kaɗai ya san inda ya maƙale. Abin gudu shi ne cinikin biri a sama. In lokacin ya zo, ki je da Yaya ku ga wurin da ido. Ki ce a nuna miki ayyukan dukan ɗaliban da suka gama a zangon baya, ba na gwani ɗaya da ake sawa a talla ba. Ki tambayi sunan malamin da zai koyar, ki nemi motsin da shi kansa ya yi ki kalla. Ki ƙirga kwamfutoci ki ƙirga ɗalibai. Ki tambayi sa'a nawa ake zama a mako, da abin da ake yi in an ɗauke wuta. Ki tambaya ko malami yana zama ya bi aikin kowane ɗalibi hoto-hoto duk mako, domin wannan shi ne ainihin abin da kike biya. In jadawalinsu ya lissafa manhaja biyar ko shida a wata shida, maɓallai za a koya miki, waɗanda kyauta suke a YouTube. Alkawarin aiki kuwa, ki ce a haɗa ki da mutum uku da suka gama bara ki ji daga bakinsu inda suke aiki yanzu. Makarantar kirki ba za ta ji haushin wannan tambaya ba.

Yaya yana da gaskiya cewa manyan makarantun suna waje: CalArts a Kalifoniya ta Amurka, wadda Walt Disney ya assasa a 1961, Gobelins a birnin Paris, da kwalejin Sheridan a Kanada. Sai dai kuɗin karatu kaɗai a CalArts ya haura dala dubu 50 a shekara, kuma dukansu da kundin zane ake shiga, ana tankaɗe masu nema sosai. Ko da kuɗin yana ajiye, shekara biyu ta aikin da muka bayyana ce za ta kai ki ƙofarsu. Ya fi sauƙi ki riƙe su a matsayin karatun gaba bayan digiri. A tsakani akwai makarantun intanet kamar Animation Mentor, da aka buɗe a 2005, inda ma'aikatan manyan kamfanoni ke duba aikin ɗalibi duk mako, amma da dala ake biya. Na kyauta kuma, kamfanin Triggerfish na Cape Town a Afirka ta Kudu yana da darussa a intanet da ya tsara don matasan Afirka, shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 ya sa zane mai motsi cikin fannoninsa, sannan, ko da yake shi saye ake yi, littafin Richard Williams na 2001, The Animator's Survival Kit, har yau shi ne abin da masu koyon tafiya da gudu ke buɗewa. Ki kuma gaya wa Yaya labarin Moustapha Alassane na Nijar, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015. Da hannunsa ya fara haɗa wasan hotuna kafin ya je Kanada ya ƙaro ilimi wajen gwanin zane mai motsi Norman McLaren, ya fitar da gajeren fim ɗinsa na kwaɗi a 1966, ya kuma yi shekarunsa na ƙarshe yana aiki a Tawa. Aikin da ya fara a gida ne ya buɗe masa hanyar waje.

Yanzu kwamfutar. Kada mai shago ya ruɗe ki da kyan jiki ko girman fuska. Ki nemi RAM mai GB 16, ma'ajiya irin SSD mai GB 512, da katin hoto na daban, na NVIDIA mai ƙwaƙwalwar kansa GB 4 zuwa 6 in 3D za ki taɓa. In wadda aka taɓa amfani da ita ce, a kunna ta a gabanki, a buɗe Blender a bar ta tana aiki minti ashirin ki ji ko tana zafi har ta rage gudu, a kuma duba lafiyar batir. Ki rage kuɗin allon zane, ƙaramin Wacom ko Huion ko XP-Pen marar fuska ya isa, hannu yana sabawa cikin mako biyu. Manhaja kada ki kashe ko kwabo: Krita da OpenToonz don zanen hannu, Blender don 3D, kuma a cikinsa akwai Grease Pencil da ake zanen 2D da shi. Ki guji manhajar sata, ita ce babbar hanyar shigar ƙwayar cuta da ke cinye aikin wata uku. Ki zaɓi ɗaya ki zauna a kanta shekara guda.

Wuta da zafi su ne abokan gabanki a Gusau. Lokacin fitar da fim daga kwamfuta, kada ki fitar da shi kai tsaye a matsayin bidiyo. Ki fitar da shi hoto-hoto a jere, irin PNG, domin in wuta ta ɗauke a hoto na 300 sai ki ci gaba daga na 301, maimakon ki koma farko. A Blender akwai injinan fitar da hoto, Eevee da Cycles; ki yi amfani da Eevee wajen gwaji, ya fi Cycles sauri nesa ba kusa ba. Ki riƙa ajiye fayil da lamba, na 1, na 2, na 3, kada ki danne tsohon, kuma duk Juma'a ki kwafe komai zuwa wata ma'ajiya ta waje. A watannin bazara ki ɗaga bayan kwamfutar iska ta shiga, ki yi aiki mai nauyi da asuba ko da dare, bayan hunturu kuma a buɗe a share ƙurar fanka.

Wata maganar da za ta iya tasowa a gida ita ce hukuncin zana abu mai rai. Malamai sun yi bayani a kai kuma akwai saɓani a tsakaninsu, musamman kan abin da aka yi don koyar da yara. Wannan ba huruminmu ba ne, ki tafi da Baba wajen malamin da ya yarda da shi, ki nuna ainihin abin da kike yi a ji fatawa a kansa. Ki dai san cewa sana'ar tana da rassan da ba su taɓa wannan ba: motsa rubutu da tambarin kamfanoni, nuna gini kafin a gina shi, bayanin yadda inji ke aiki, taswira da jadawali masu motsi na gidajen talabijin. Waɗannan ma su ne suka fi saurin kawo kuɗi ga mai farawa, tare da gajerun bidiyon wayar da kai kan lafiya da noma da ake nema da Hausa.

Baba kuma kada ki tunkare shi da gardama. Ki bari sai kin gama gwajin wata ukun, ki haɗa ƙwallon da buhun da tafiyar da maganar a bidiyo ɗaya, mafi kyau a farko, ki zauna ki nuna masa. Ki zo da takarda ɗaya da kika rubuta kwas biyun da kike tunani, da jami'o'in da ke yin su, da irin aikin da kowanne ke kaiwa gare shi, ki roƙe shi ya zaɓa tare da ke. In da hali, ki yi wa shagon wani ɗan'uwa tallar daƙiƙa goma sha biyar kafin ranar, ko da ɗan abin da zai biya kaɗan ne, ki kawo wa Baba kuɗin a hannu tare da bidiyon.